Ranar da Na Fesa wa Waken Yayata Magani

Mu biyu ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna, ni da yayata, kuma tun tasowata ba ma shan inuwa ɗaya. Ta girme ni da shekara bakwai. Ita ta goye ni, ita ta koya mini tafiya, ita kuma ta fi kowa zane ni. Mahaifinmu yana ji da ita ƙwarai, don tana da hannun noma kuma ba ta san gajiya ba. Ya sha faɗa a gabana, ba tare da ya ko dube ni ba, "Da wagga namiji ta, da tuni na aje hauya na huta." Shi da ya faɗa ya manta. Ni da na ji na riƙe har na yi gemu.

Ina rubuta wannan ne don abin da na yi mata ya daɗe yana cina, kuma duk lokacin da na ɗauko maganar da baki sai in ji ina gyara ta don ta yi mini kyau. A takarda ina so in bar ta yadda take.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bodinga, ta wajen Danchadi. Gonar gandu ɗaya gare mu, a jigawa, mai ɗan kwari daga ƙarshenta. A gidanmu akwai wata al'ada da muka tarar. Hatsi, wato gero, da 'yar dawar da ake sakawa a kwarin, na maigida ne, su ke shiga rumbu. Abin da aka shuka a tsakanin layukan hatsi kuwa na matan gida ne. Da an gama noman firi, wato na farko, mata sai su bi layi da ƙoƙon iri, su saka wake, su saka yakuwa da kuɓewa, riɗi a gefe, rama a kan iyaka, kabewa a gindin suri. Karkashi da lalo da tafasa da kansu suke fitowa, mai noma ya san su, yana kauce musu da hauya. Namiji ba ya sa hannu a cikin waɗannan, ba ya kuma tambayar inda suka tafi. Shi dai ya ga miya a kan tuwo.

Yayata ta yi aure a Shagari. Mijinta ya yi jinya ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, babbar tana da shekara tara, ƙaramar huɗu. Da ta fita takaba ta ce gida za ta dawo da su. Dangin uban ba su so ba. Babban wan mamacin, wanda yaran ke kira Baffa, mutum ne mai kiwo da rufin asiri, marar yawan magana. Ni na raka mahaifinmu zuwa ɗauko ta, don haka da kunnena na ji abin da ya ce a zaurensa.

"Ɗiyanga jininmu na. Mun bar maki su don tausai, ba don mun kasa riƙonsu ba. Ranar da munka ga sun wahala za mu taho mu ɗauka, kar a ga laihinmu."

Yayata ta ce ta ji, ta kuma yarda.

Shekara ɗaya bayan haka mahaifinmu ya rasu. Ina Sakkwato a lokacin, ina tuƙa keke mai ƙafa uku na wani mutum. Na dawo gida da matata, na zama maigida. Ba a raba gado ba, don ba wanda ya ga dalili. Inna ta tsufa, ta sakar wa yayata duk abin da ke tsakanin layukan hatsi.

Da wannan ɗan tsakanin ta riƙe 'ya'yanta. Da waken take suyar ƙosai da safe, mata su miƙo kwano ta kan katanga. 'Ya'yan yakuwa ta dafa ta daka ta yi daddawar batso, wadda warinta ke korar baƙo amma ba ta kwana a kasuwar Bodinga. Zoɓo na nan, busasshiyar kuɓewa na nan, riɗi ta yi kantu. Harawar waken kuwa ta ɗaure ta a kan rufin ɗaki, da ita take ciyar da awakinta huɗu har bazara ta wuce. Abubuwan ba lokaci ɗaya suke shigowa ba. Ganye tun damina na tsaka, kuɓewa bayansa, wake da kaka, zoɓo in sanyi ya kusa. In wannan ya ƙare wancan ya nuna. Yaran suna zuwa makaranta da takalmi a ƙafa. Ba ta taɓa cewa in ba ta ko sabulu ba.

Mai hankali zai gode wa Allah. Ni haushi nake ji. Ina maigida, amma akwai mutum a gidana da ba ta buƙatata.

Bakinta kuma bai mutu ba. A daminata ta farko na ɗauki 'yan ƙwadago uku muna noman maimai. Na daɗe ban riƙe hauya ba, ina ta sara ba na kallo. Sai ga ta da ƙwaryar fura a ka. Ta tsaya a bayana, ta sunkuya ta tsinci wasu 'yan tsirrai masu jan kara da na sare.

"Autan Inna," ta ce, "ɗan birni. Shekara nawa kay yi kana shan miyar yakuwa, ba ka san huskarta ba in tana ƙarama?"

Na ce ciyawa ce.

"Awo, ciyawa ta. Kai ma in anka gan ka ba keke, sai a ce manomi na."

'Yan ƙwadagon suka yi dariya har ɗaya ya zauna a ƙasa. Kafin magariba maganar ta isa majalisarmu ta gindin darbejiya, aka yi mako ana kirana manomin keke.

A majalisa dami ake ƙirgawa. Wane ya samu dami kaza, wane ya fi ubansa, wane ya gaza. Ba wanda ya taɓa tambayar ƙwarya nawa ta kuɓewa aka shanya a gidan wane. Na ƙudura a raina sai na ɗaure damin da mahaifinmu bai taɓa ɗaurewa ba. Na fara kallon waken yayata a matsayin abin da ke cinye takin hatsina, yana sarƙe ƙafar mai noma, yana sa aikin kwana uku ya kai biyar.

Damina ta biyu, wata ranar kasuwa a Bodinga, na tsaya a teburin wani mai sayar da maganin feshi. Na ce ina son wanda zai hutar da ni noman maimai. Ya ɗauko wata kwalba ya nuna mini.

"Wanga shi ka kashe duk mai hwaɗin ganye, shi bar hatsi tsaye. Amma in da wake cikin gonarka, kar ka kusance ta da shi."

Na ce na ji. Har na juya ya sake kirana.

"Malam, ka ji dai? Wake, gujjiya, yakuwa, duk ba shi bari."

Sau biyu ya faɗa mini. Ina so a san wannan, don daga baya na riƙa gaya wa mutane cewa ban san ƙarfin maganin ba ne.

Na ɓoye kwalbar kwana tara ina jiran rana. Ranar ta zo da aka yi suna a gidan 'yan'uwanmu a Danchadi. Inna da yayata da yaran suka fita tun da hantsi bai yi ba. Na aro tankin feshi na goyo da jaki da jarkoki. Matata ta gan ni ina haɗa kaya, ta tambaye ni, na ce tsutsa ce ta kama hatsi. A lokacin waken ya fara yaɗo, kuɓewa ta kai gwiwa, yakuwa ta yi kore shar. Na bi layi ɗaya bayan ɗaya. Ban tsallake ko ɗaya ba. Da na zo gindin suri, inda kabewar Inna ta baje, na ɗan tsaya, sannan na fesa mata ita ma, don kada a ce da gangan na ware na yayata. Na gama kafin la'asar, na wanke tankin, na mayar wa mai shi.

A kwana na uku ina zaune a tsakar gida ina shan fura, sai ga yayata ta shigo da runguma guda ta yaɗon wake, duk ya murɗe ya ƙanƙance kamar an babbaka. Ta zube shi a kan ƙafafuna.

"Mi na wanga?"

Na ce, "Wake na, ga alama."

"Wa yay yi?"

"Gonata ta. Ba ni neman izinin kowa in gyara ta."

"Gonarka? Kai ɗai ubanmu ya haihwa?"

Na ce ni ne namiji, ni ke ciyar da gidan, hatsi kuma zai cika rumbu bana, ba wanda zai kwana da yunwa.

"Hatsi tsura? Mu tsuntsaye na?" Ta matso har ina jin hucinta. "Kana zaune a zauren nan na Shagari. Ka ji abin da Baffansu yac ce. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"To da mi zan riƙe su?"

Na ɗaga ƙoƙona na ci gaba da shan fura. Wannan ita ce amsar da na ba ta.

Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana jin mu. Abu ɗaya ta tambaye ni, ko har gindin suri na je. Na ce har can. Ta ce, "Allah shi kyauta," ta shige ɗaki.

Da a ce hatsin ya ƙi a shekarar nan, da wataƙila na yi saurin gane kaina. Bai ƙi ba. Ruwa ya yi daidai, zangarniya ta yi tsawo ta cika. Na ɗaure damin da ya wuce na mahaifinmu nesa ba kusa ba, har sai da na gina ƙaramin rumbu na biyu. A majalisa aka daina kirana manomin keke. Mutum biyu sun zo har gida suna tambayar sunan maganin, na rubuta musu a takarda ina hura hanci.

Daga nan rumbun ya fara zurarewa ta inda ban taɓa zato ba. Ganye da kuɓewar miya, sai an saya. Daddawa, sai an saya. Wake, sai an saya. Abubuwan da tun haihuwata ban taɓa ganin an je kasuwa dominsu ba, yanzu kowace ranar kasuwa sai na sa an sussuka dami an kai Bodinga. Lokacin kaka ne, kowa na kai hatsi, ba shi da daraja. In kai buhu in dawo da 'yan ƙulle-ƙulle a leda. Na fara faɗa a kan miya, ina cewa mata ba su da tattali.

Awakin yayata ne suka fara nuna alama. Ba harawa a kan rufi. Ta yi ta ba su karan hatsi da dusa, suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ɗaya ta yi ɓari ta mutu. Sauran ta sayar da su ɗaya bayan ɗaya kafin su bi ta. Kaskon ƙosai ta kife shi a bayan ɗaki, don waken kasuwa ya fi ƙarfinta, in ta saya ta soya ba abin da zai rage.

Abin da na daɗe ina nema ya samu. Yayata ta fara zuwa wurina. Sabulu, man shafawa, littafin makaranta, takalmin ƙaramar da ya tsinke. Takan tsaya daga nesa ta faɗi abin da take so, idonta a kan katanga. Ni kuwa sai in ja lokaci. In ce sai ranar kasuwa. In ce ba ke ce mai arziki ba? Wata rana na ce mata, "In ciyar da ke, in ciyar da ɗiyan wasu, sabulun ma ni?" Ban rage murya ba, yaran kuma suna tsakar gida.

Ta ce, "Ɗiyan wasu."

Na ce, "Ƙarya niy yi?"

Ba ta sake roƙona komai ba daga ranar. Da toka take wanke musu kaya.

Azumi ya zo a tsakiyar zafi. Gidan da a da unguwa ke layin ƙosan buɗa-baki, a shekarar nan kunu kaɗai muke sha, sai tuwo da miyar kuka tsararo. Rumbu na biyu ya ƙare tuni, na farko ya yi ƙasa, na rage awon da nake fitarwa. Ni da matata mukan sayi ɗan abin marmari mu ci a ɗaki. Ƙaramar yarinyar ta fara ciwo. Gefen bakinta ya tsage, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ba ta son wasa. Yayata ta goya ta zuwa asibitin sha-ka-tafi. Da ta dawo ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce ma'aikaciyar ta tambayi abin da yarinyar ke ci, da ta ji tuwo da fura ne kullum sai ta ce a nemo mata wake da gyaɗa da ganye, in da hali ƙwai.

Na ce, "Haka suka ce ma kowa. Mu da mi munka girma?"

"Da wake munka girma," ta ce. "Da yakuwa, da kabewa, da nonon akuya. Ka manta don ba kai ka shukawa ba."

Na sayo wake mudu ɗaya a kasuwa ta gaba, na aika mata ta hannun matata. Na ɗauka na yi abin kirki.

Kwana uku bayan ƙaramar salla Baffan yaran ya zo yi mana barka da salla, kamar yadda ya saba kowace shekara. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Aka kira yaran su gaishe shi. Ya ɗauki ƙaramar ya ɗora a cinya, ya shafa kanta, ya buɗe bakinta ya duba, ya kama damtsenta da yatsu biyu. Ya dubi ƙafar babbar, ba takalmi. Sannan ya ce a kira uwarsu.

Ta zo ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Mun yi magana da ke," ya ce.

"Mun yi, Baffa."

"To ki haɗa masu kayansu."

Ta ce ya yi mata haƙuri zuwa kaka. Ta ce shekarar ce ta zo da haka. Ba ta ambaci sunana ba, ba ta ambaci feshi ba. Shi kuwa ya juyo gare ni.

"Na ji labarin hatsinka har Shagari. An ce ka hi ubanka."

Na ce Allah ne ya bayar.

"Shi na ya bayar," ya ce. "Ga shi kuwa na gani a jikin ɗiyanmu."

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Da na ce laifina ne, ni na kashe mata sana'a, a ba ni wata uku in gyara, wataƙila da ya saurara, don mutum ne mai jin magana. Sai na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ina tsoron kada a ji a majalisa cewa na durƙusa wa baƙo a zaurena. Kuma in faɗi gaskiya, wani ɓangare na zuciyata yana lissafin cewa baki biyu sun ragu a kan rumbu.

Ya tafi da su da la'asar a bayan babur, ƙaramar a gaba, babbar a baya da ƙullin kaya. Yayata ta raka su har bakin hanya. Da ta dawo ta wuce ni kamar ta wuce turmi. Ba ta yi kuka a inda zan ji ba.

Bayan mako biyu liman ya aiko a kira ni. Na tarar da shi da mai gari da kawunmu, ƙanen Inna. Liman ya ce yayata ta nemi a raba gadon mahaifinmu, kuma haƙƙinta ne, ba mai hana ta. Na yi tsalle na dire. Na ce za ta wargaza gandun da kakanni suka bari, na ce wace mace ce ke raba gona da ɗan'uwanta in ba marar kunya ba. Ashe yayata tana bayan ƙofa, ta amsa daga can.

"Gandun da ka wargaza da kwalba guda? Malam, a auna mani nawa. Ko tahin hannu na, a auna."

Aka je da igiya aka auna. Aka fitar da tumunin Inna, wato kashi ɗaya cikin takwas, sauran aka kasa uku, biyu nawa, ɗaya nata. Da aka tambayi Inna inda take so a yankar mata, ta ce a haɗa nata da na 'yarta. Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Sun ɗauki ɓangaren kwari. Yayata da kanta ta dasa gamba a kan iyaka tun ruwan farko.

Iri ma ba ta da shi, don abin da ba a girba ba ba a ajiye irinsa. Gida gida ta bi tana karɓar tafi guda na wake a nan, 'ya'yan yakuwa a can, kamar mai bara, ita da a da ake zuwa nema a wurinta. Ta shuka hatsinta da tazara, ta cika tsakani da duk abin da ta samo. Ita kaɗai ta yi firi, ita kaɗai ta yi maimai, Inna na zaune a inuwa tana tsinkar lalo. Ni kuwa na sake yin feshi a nawa, don taurin kai kawai. A shekarar nan ciyawar wuta-wuta mai kashe hatsi ta fito mini ja-ja a gindin hatsi, ƙasar ta yi fari, na samu abin da bai kai rabin na bara ba. Matata ta fara tsallaka gamba tana roƙon ganyen miya. Yayata takan ba ta, ta ce, "Ke ba ki yi mani komi ba."

Da aka gama kaka ta sayi 'yar akuya guda, ta ɗora harawa a rufi, ta tayar da kaskonta. Sannan ta ce za ta Shagari. Kawu ta nema ya raka ta, amma ƙafa ta hana shi tafiya. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai za ka. Kai ka kai su can, kai za ka tai ka hwaɗi yadda anka yi." Rabon da ta ba ni umarni tun ina yaro.

Mun shiga mota ɗaya daga Bodinga, tana gaba ina baya. Ta ɗauki wake a buhu, da daddawa, da zoɓo, da kantu, don Baffan ya gani da idonsa. A zaurensa na faɗi komai. Na faɗi kwalbar, da gargaɗin mai magani, da ranar suna, da maganar da na yi a kan sabulu. Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba, kuma na san ta zo a makare da wata bakwai.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Da ka hwaɗi haka ran nan, da ban aza su bisa babur ba." Ya buɗe buhun ya damƙi waken ya duba. Ya tambayi yayata girman gonar, da wanda ke da iko da ita. Ta ce ita, da shaidar liman da mai gari.

Aka kira yaran. Ƙaramar ta yi ɓulɓul, ta ruga ta faɗa jikin uwarta. Babbar ta durƙusa ta gaida uwar, ta gaida Baffa, ni ta ce mini "ina wuni" kamar wanda ta gani a mota. Tana sanye da kayan makaranta.

Baffa ya ce ƙaramar ta bi uwarta. Babbar kuwa an sa ta makaranta a nan, ta kama karatu, ba zai cire ta a tsakiyar shekara ba, kuma shekara ɗaya ta wake ba ta isa ya saki duka biyu ba. Amma ya ce a tambaye ta, in ta ce za ta bi, ba zai hana ba.

Yayata ta ce, "Ɗiyata, za ki gida?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Ta ce, "Inna, nan ma gida na. In anka yi hutu ni taho."

Yayata ta gyaɗa kai. Ta ciro kantun da ta ƙulla daban ta sa mata a hannu, ta yi wa Baffa godiya, ta goya ƙaramar duk da ta wuce goyo, muka fito.

A tasha muna jiran mota ta cika, na matsa kusa da ita na ce, "Yaya, ki gahwarta mani."

Ta gyara goyonta. Ta ce, "Na zo ɗaukar biyu, na koma da guda. In ka maido mani gudar, ka taho mu yi wagga magana."

Shekara uku ke nan. Na daina feshi, matata ce ke bin layi da ƙoƙon iri a ɓangarena, da irin da ta samo a wajen yayata. Ƙasar ta fara dawowa, rumbuna kuma yana kai wa damina ko da bai cika ba. Babbar yarinyar tana Shagari har yau, ta shiga sakandare. Takan zo hutu ta yi mako biyu a ɗakin uwarta, ta koma. Ni da yayata muna gaisawa da safe, in ta ga dama ta amsa da baki, in ba ta ga dama ba ta ɗaga hannu. Ban sake ɗauko maganar gafara ba, don ban cika sharaɗin ba, kuma ban san ta inda zan cika shi ba.